Abin da Ban Fassara wa Babana Ba

Da sunan Allah nake fara wannan rubutu. Sunana Zuwaira, ina koyarwa a wata lekol, wato makarantar boko, a Mirriya. Ni ce 'yar fari a wajen Malam Habu majemi na cikin garin Damagaram, Allah ya jiƙansa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini tun ina goye. Ina rubuta yadda jinyarsa ta kasance saboda duk wanda yake da tsoho a gida mai dafe ƙirji yana cewa ba komai, da kuma duk wanda za a tsayar wata rana tsakanin lokotoro, wato likita, da majinyaci a ce ya fassara.

A shekarar, ruwa ya ɗauke gero yana shirin fitar da kai. Muka yi ta duban gabas har muka gaji. Kafin rani ya raba, dabbobi sun fara faɗuwa. Makiyayi zai kawo saniya kasuwa, ta durƙusa ta kasa tashi, ya sa mata wuƙa da sauri don ko fatar ya tsira da ita. Haka fatu suka yi ta shigowa majema a amalanke, daga Gaffati, daga arewa, daga ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba. Wari ya kai har unguwarmu. Ungulaye suka tare a kan duwatsun bayan majema, ko mutum ya wuce ba sa tashi.

Baba ya ce mini, "Tun da nake ban taɓa ganin fata da yawa haka ba, kuma ban taɓa ganin marar albarka irin ta bana ba. Ki ɗaga ta, ki hango rana ta cikinta."

Jima aikin ruwa ne, ruwa kuwa shi ne babu. Famfon unguwa sai ya kwana uku bai ɗiga ba. Ƙannena maza biyu sun tafi ci-rani Libiya tun da gonaki suka ƙone. Saboda haka Baba, da shekarunsa sittin da 'yan kai, shi ke ɗauko bido biyu, wato jarkokin ruwa, daga duk inda aka ce an samu ruwa, ya cika kwatarniya, ya jiƙa fata, ya ɗaga ta sharkaf ya shanya.

Duk ranar Asabar nake zuwa gida. Wata Asabar a farkon bazara muka fita tare za mu gaida wani maƙwabci da aka yi wa rasuwa. Hanyar tana da ɗan hawa. Muna tsakiyar hawan sai Baba ya tsaya, ya sunkuya yana gyara takalmi. Muka ƙara taku kaɗan, ya sake tsayawa, wai wannan karon tsakuwa ce ta shiga. Na duba fuskarsa, gumi yana bin gemunsa, leɓensa ya yi toka-toka.

Da muka koma gida na sami Inna a madafa na tambaye ta. Ta rage murya ta ce, "Ya fi sati biyu yana haka. In ya ɗauko ruwa sai ya ajiye a ƙofar zaure ya jingina da bango. Ya ce kada in gaya miki."

Na same shi na durƙusa. Ya yi dariya ya ce, "Ba ciwo ba ne, Uwata, nauyi ne. Kamar an ɗora mini jiƙaƙƙen kirgin saniya a ƙirji. Da na tsaya sai ya sauka."

Nan aka shiga ba da shawara. Baffa Lawali, ƙanin Baba wanda suke aiki tare tun suna samari, ya ce gyambon ciki ne, kuma yana da hujja. 'Yan'uwan Inna sun taso daga ƙauye sun cika mana gida, Baba kuwa ya rage cin abinci a ɓoye, sai ya ce ya ci a majema. Aka jiƙa masa kanwa. Sati na gaba nauyin ya gangara kafaɗar hagu, aka kira wanzami ya yi masa ƙaho. Da ya koma muƙamuƙi, aka ce haƙori ne, aka cire masa turmi ɗaya. Na ga haƙorin a tafin hannun Inna, fari tas, ko ɗigon rami babu.

A sati na huɗu na nemi izinin direktan lekol ɗinmu na zo ranar aiki, na lallaɓa Baba muka tafi ƙaramin asibitin unguwa. Tun da hantsi layi ya fito har bakin titi. Kusan duk mata ne da goyo, yaran ba sa ko kuka, wuyansu ya kasa ɗaukar kai. Matar da ke gabanmu tana ɗiga wa ɗanta ruwa a baki da yatsa. Baba ya tsaya yana kallonta, can ya juyo.

"Mu tafi gida."

"Baba, saura kaɗan a zo kanmu."

"Ni da na zo da ƙafata, in tsare wa waɗannan layi? Ki ji tsoron Allah, Uwata."

Da ƙyar na riƙe shi. Da muka shiga, majo, wato babban ma'aikacin jinyar wurin, ya ɗaura masa abin awo a hannu ya ce tansiyonsa, wato jininsa, ya hau. Baba ya ce ƙirji ne ke masa zafi, majo ya rubuta maganin gyambon ciki da na hawan jini, ya kira na gaba. Ban riƙe shi a raina ba. Shi kaɗai ne, mutum ya fi ɗari a bayanmu. Amma har yau ina cewa da ya tambaya, "Yaushe ciwon ke zuwa, kana zaune ko kana tafiya?" da ba mu jira sai da ya faɗi ba.

Kwana goma bayan nan, da rana tsaka, Baba ya faɗi a bakin kwatarniya da fata a hannunsa. Baffa Lawali ya ce gumi ya jiƙe masa riga kamar an kwara masa ruwa, ya yi amai, yana ta cewa a cire masa abin da ke kansa. Majema suka ɗauke shi zuwa babban asibiti. Kafin in iso daga Mirriya an manna masa wayoyi a ƙirji, wata na'ura da suke kira elektro tana fitar da doguwar takarda mai zane kamar haƙoran zarto.

Lokotoron da ya duba shi matashi ne ɗan garinmu, Allah ya saka masa da alheri. Ya ja kujera ya zauna, ya yi mana bayani da Hausa. Ya ce zuciya ma tana da jijiyoyin da ke ciyar da ita, sirara, kamar tiyon famfo. Shekara da shekaru kitse yana taruwa a cikinsu, hanya tana ƙuncewa. In mutum yana zaune, ɗan abin da ke wucewa ya isa. In ya ɗauki kaya, zuciya ta nemi ƙari ta rasa, shi ne nauyin da Baba yake ji.

Ya ce, "Yau gargaɗi ta yi muku. Ba na jin za ta sake yin wani. A nan ba mu da na'urar da ke ganin cikin jijiyar. Sai Yamai."

Ba zan tsaya lissafin abin da tafiyar ta ci ba. Awakin Inna a wannan shekarar ba su kai kuɗin buhun gero ba, sai 'yan kunnenta na aure da ta kwance. Ƙannena suka aiko da abin da suka tara. Majema kuwa, mutanen da hannunsu ya dafe da bagaruwa, waɗanda su ma ba su ƙoshi ba, suka haɗa nasu suka ba Baffa ya kawo a ƙulle cikin ƙyalle. Ban san yadda zan gode musu ba, har yau ban sani ba.

Muka shiga kar, babbar motar fasinja, ni da Baba. Yini guda muna tafiya. Daga Takieta har inda idona ya kai, gefen hanya gawar dabbobi ce, wasu an feɗe, wasu sun bushe da fatarsu. Baba yana ta kallo ta taga. Ni kuwa hannunsa nake kallo, ina lura da duk lokacin da ya ɗaga shi zuwa ƙirji.

A Yamai muka sauka gidan wani ɗan Damagaram mai sayar da takalma, wanda ubansa ya taɓa sayen fata a wajen Baba. Ya ba mu ɗakinsa ya koma kwana a shago. Aka ba mu randebu a asibiti, wato aka sa mana rana, muka je, aka ce na'urar ta lalace, ana jiran wani ƙarfe daga waje. Muka koma bayan kwana biyar, ba ta gyaru ba. Muka sake komawa, aka ce ta gyaru amma akwai mutane a gabanmu. A bencin jira muka saba da wani tsohon soja mai irin ciwon Baba, kullum yana tsokanarsa wai warin majema ne ya toshe masa zuciya. Ranar da muka je karo na huɗu ba mu gan shi ba. Na tambayi mai shara, ta ce an fita da shi jiya. Ban gaya wa Baba ba, shi ma bai tambaya ba, amma tun daga ranar ya daina zama a wannan bencin.

A sati na uku aka kira mu. Wadda za ta yi aikin mace ce, Bazabarma, mai natsuwa, ba ta jin Hausa sai gaisuwa. Da Faransanci take magana, ni nake mayar wa Baba. Ta ce ba za a tsaga ƙirji ba. Za a huda jijiya a wuyan hannu, a zura wani siririn tiyo ya bi ta ciki har zuciya, a fesa ruwan da ke fitowa a hoto, a ga inda hanya ta toshe. In an gani, a buɗe wurin, a bar wani ɗan ƙarfe mai kama da raga ya tokare shi. Resor suke ce masa.

Baba ya dubi wuyan hannunsa ya ce, "Daga nan har zuciya? Ina farke?"

Na ce, "Kana farke."

Ya ce, "Allah mai iko."

Awa ɗaya da wani abu na yi a bakin ƙofa, ban iya zama ba. Da ta fito ta kira ni gaban wani allo ta nuna mini. Jijiyoyin baƙaƙe ne, sun bazu kamar saiwar itace, suna motsi. Ɗaya daga cikinsu ta zo tsakiya ta tsuke kamar an ɗaure ta da zare. Ta danna wani wuri, hoto na biyu ya fito, jijiyar ta buɗe, baƙin ruwan ya wuce har ƙasa. Na fashe da kuka a gabanta, ta dafa kafaɗata.

Baba kuwa murna kamar yaro. Yana ta juya hannu yana nuna wa maƙwabtansa na gado ɗan filastan. "Shekara hamsin ina aiki da wuƙa, ban san ana gyara ciki ba a yanka ba!" Washegari ya yi tafiya har ƙarshen baranda ya dawo, ya ja numfashi ya ce, "Uwata, an sauke mini kirgin."

Ranar sallama ita ce ranar da nake so mai karatu ya tsaya a kanta. Lokotoro ta zo da ardinansi, takardar da aka rubuta magani, da kwalayen maganin. Ta ware ƙwayoyi biyu, wata fara ƙarama, wata mai ruwan hoda, ta ɗora a tafin hannunta. Ta dube ni ido cikin ido, ta yi magana a hankali don kada in rasa ko kalma ɗaya. Ta ce resor baƙo ne a jiki, jini yana son daskarewa a kansa, waɗannan biyun su ke hana shi. Ta ce za su sa in ya yanke jini ya daɗe bai tsaya ba, dasashi ma zai iya yin jini, wannan ba abin tsoro ba ne, alama ce suna aiki, in ya yi yawa a je asibiti amma kada a bari. Sannan ta ce, "Shekara guda, kullum. In ya bar su ko na 'yan kwanaki ne, resor ɗin zai iya toshewa gaba ɗaya, kuma a lokacin ba nauyi zai ji ba, mutuwa zai yi. Ki faɗa masa haka."

Baba yana zaune a bakin gado, ya sa hularsa, ya ɗaure kayansa tun da safe, fuskarsa cike da fara'a. Ya ce, "Me ta ce, Uwata?"

Na kasa mayar masa da kalmar mutuwa. A gidanmu ɗiya ba ta duban ubanta ta ce masa zai mutu. Kuma wata biyu rabon da in ga ya yi dariya irin ta wannan safiyar. Na ce a raina, ai ina nan, ni zan kula.

Na ce, "Ta ce ka riƙa shan waɗannan biyun kullum har shekara, kada ka yi wasa da su, suna da amfani ƙwarai."

Ya ce, "To, madalla. Ki yi mata godiya."

Lokotoro ta lura maganata ta fi tata gajarta. Ta ce, "Kin faɗa masa duka?"

Na ce, "Na faɗa."

Muka dawo Damagaram ana cikin tsananin zafi, sama fari fat, ko gajimare babu. Mutane suka yi ta zuwa kallon hannun Baba. Sati biyu ina gida, ni nake ba shi magani da hannuna bayan kunun safe. Daga nan jarrabawar ƙarshen shekara ta matso, direkta ya aiko, dole na koma Mirriya. Na jera wa Inna kwalayen, na nuna mata na safe da na yamma. Ita ma ban gaya mata sauran maganar ba.

An hana Baba ɗaukar kaya, amma ba a iya hana shi zuwa majema ba. Ya ce zama kawai zai riƙa yi yana gyara bakin fata. A sati na huɗu wuƙa ta zame ta yanke shi a babban yatsa, yankan da ya saba da shi sau dubu. Aka ɗaure da tsumma, ya jiƙe. Aka sake, ya jiƙe. Tun azahar har bayan la'asar jini yana tsattsafowa. Dama kwana biyu in ya yi asuwaki yana ganin ja, kuma wasu baƙaƙen tabo sun fito masa a dantse ba tare da ya bugu ba.

Duk wannan daga baya na ji. Baffa Lawali ne ya ce masa, "Yaya, maganin nan tsinka maka jini yake. A shekarar da ba a samun abin da zai ƙara jini, kai kana shan abin da ke zubar da shi? Ai an riga an gyara, ka warke. Ka huta da shi haka." Ba da mugunta ya faɗa ba. Abin da idonsa ya gani ya faɗa.

Baba ya ce wa Inna ta daina ba shi waɗannan biyun, ta bar na hawan jini. Ya ce kada a tayar mini da hankali ina cikin jarrabawa. Asabar ɗin ban zo ba saboda gyaran takardu. Na kira a waya.

"Baba, kana shan magani?"

"Ina shan magani, Uwata."

Bai yi mini ƙarya ba. Ni ce ban tambayi wanne ba.

Kwana tara da barinsu, ranar Laraba da hantsi, ina tsaye a gaban allo waya ta yi ƙara. Inna ce, muryarta ba tata ba. "Ki zo. Ya faɗi yana alwala." Ban san yadda na isa tasha ba. Motar ta tsaya jiran fasinja, na roƙi direba har da hawaye kafin ya tashi da rabin kujeru.

Na same shi a ɗakin da aka kwantar da shi karon farko. Wannan karon ba ya cewa a cire masa komai. Ya yi fari, jikinsa sanyi ƙalau, numfashi guntu-guntu. Matashin lokotoron nan yana riƙe da takardar elektro, yadda yake kallonta kaɗai ya ishe ni. Ya ce, "Ina magungunansa?" Inna ta kwance bakin zane ta fito da leda. Ya zazzage a kan gado. Kwalaye biyu, ƙwayoyin suna nan jere a cikin takardarsu.

Ya ce, "Tun yaushe?"

Inna ta ce, "Yau kwana tara. Jini ne ya ƙi tsaya masa."

Lokotoro ya dafe kai. Ya yi magana da Hausa, a gaban Baba, a gaban Inna da Baffa Lawali. "Subhanallahi. Ba a gaya muku a Yamai cewa barin waɗannan biyun mutuwa ne ba? Ba a gaya muku jinin zai yi haka ba?"

Baba ya juyo da kai a hankali ya dube ni. Ba zan iya kwatanta wannan kallon ba. Babu fushi a cikinsa. Na ga lokacin da ya gane, na ga ya tuna tsawon maganar matar nan da gajartar tawa. Na buɗe baki zan yi magana, ya riga ni.

Ya ce, "An gaya mini, lokotoro. Duka an gaya mini. Ni ne ban ji ba."

Lokotoro ya ja ni waje ya ce resor ɗin ya toshe. Akwai allurar da ke narkar da daskararren jini, amma ya aika ko'ina a garin babu ita. Abin da ya rage a sake zura tiyo a buɗe, wannan kuwa sai Yamai, kuma abu ne na awoyi, ba na yini ba. Ya ce, "Ba zan ce miki za ku isa ba. Amma a nan ba ni da abin da zan yi masa." Shi da kansa ya yi ta shiga ofis yana fita har aka ba mu ambilans.

Muka tashi bayan azahar, ni da wani majo a baya tare da Baba. Motar tana ta tsalle, ledar ƙarin ruwa tana kaɗawa. Na riƙe hannunsa, wanda aka huda, na sunkuya kusa da kunnensa.

"Baba, ka yafe mini. Ta faɗa, ni ce na rage."

Ya ɗan matse mini yatsu. Da ƙyar nake jinsa. "Na sani. Kunya kika ji." Ya huta, ya ƙara, "Ni na koya miki ita."

Bai sake wata magana da ni ba. Leɓensa ya ci gaba da motsi, na gane kalmar shahada yake, na riƙa yi tare da shi. Mun wuce Takieta da kaɗan majo ya taɓa wuyansa, ya daɗe, sannan ya ƙwanƙwasa wa direba gilashi. Motar ta gangara gefen hanya ta tsaya. Direba ya kashe jiniya, ya juya da mu. Aka yi masa sutura kafin magariba. Majema duka suka rufe aiki suka raka shi.

Ina godiya ga lokotoron garinmu da ya gane ciwon da kallo ɗaya, da matar Yamai da ta yi aikinta ba ta rage komai ba, da mai takalman da ya bar mana ɗakinsa. Ina kuma da ƙorafi, ba zan ɓoye ba. Gari kamar Damagaram a ce babu allurar da za ta riƙe ran mutum, a ce na'urar da za ta cece shi tana nisan yini guda. Amma in na gama ƙorafin, sai in dawo kan kaina.

Saboda haka ga abin da nake roƙo. Nauyin ƙirji mai zuwa in ana tafiya ya tafi in an tsaya, wanda ke gangarawa hannu ko muƙamuƙi, ba na kanwa ba ne, ba na ƙaho ba ne, ku nemi a yi elektro. Wanda aka sa wa resor kada ya bar ƙwayoyinsa don ya ga jini, ya koma wajen lokotoro ya tambaya. Kai kuma da aka tsayar ka fassara, ba maganarka ba ce, amana ce aka ba ka ka miƙa. Ka miƙa ta yadda take, ko da wanda ke gabanka shi ya haife ka.

Bayan sadakar bakwai Baffa Lawali ya daina zuwa majema. Kullum yana zauren gidanmu, a inda Baba yake ajiye takalmi, ba ya ci, ba ya magana. Wata rana da yamma na kai masa ruwa, ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Zuwaira, da bakina na kashe ɗan'uwana. An gaya masa a Yamai, ya riƙe, ni na zo na warware."

Na ajiye kofin, na zauna a ƙasa, na gaya masa komai. Abin da matar ta ce, abin da na ce, da dalilin da ya sa Baba ya amsa wa lokotoro yadda ya amsa. Baffa ya ce, "Da Yaya ya ji wannan kalmar, ko jininsa zai ƙare ba zai saurare ni ba." Ya share ido da bakin riga. "Allah ya yafe mana, ni da ke. Amma kada ki gaya wa Innarki. Ta isa haka."

Na bi maganarsa shekara biyu. A cikin shekarun nan ina jin Inna, in an zo gaisuwa, tana cewa, "Malam mutumin kirki ne, taurin kai ne kawai ya ci shi, an gaya masa bai ji ba." Duk lokacin da ta faɗa sai in tashi in shiga ɗaki. Ya ɗauki laifina ya tafi da shi, ni kuma na bar shi yana ɗauke da shi a bakin matarsa.

Allah ya jiƙan Malam Habu, ya haskaka kabarinsa, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Inna ba ta iya karatu ba. Kafin kowa ya ga wannan takarda, ranar Asabar mai zuwa zan zauna a gabanta in karanta mata da bakina, daga farko har ƙarshe, ba zan tsallake ko layi ɗaya ba.